Daga tsayar da jini zuwa warkar da gyambo: me ke cikin sababbin bandejin ciwo?

Buɗaɗɗen ciwo matsala biyu yake zuwa da su, kowace da nata lokacin. Ta farko zubar jini. Babban mutum jinin jikinsa bai wuce kamar lita 5 ba, idan kuwa babbar jijiyar cinya ko ta damtse ta tsinke, 'yan mintuna sun isa a rasa shi. Ta biyu ƙwayoyin cuta, su kuma ba sa gaggawa. Sai bayan kwana biyu ko uku wurin zai fara kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, wani kuma ya zarce ya zama gyambon da za a shekara ana jinya. Shekara da shekaru masana ke neman bandeji guda da zai yi aikin biyu, ya tsayar da jini nan take kuma ya hana ciwon ruɓewa. Abin da ya sa neman ke da wuya shi ne, sau da yawa abin da ke maganin matsalar farko shi ke haddasa ta biyu.

Mu a nan Katsina ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Babur ya zubar da mutum a hanyar Daura, ko lauje ya zame ya sami manomi, ko kuma harbin 'yan bindiga da mutanen Batsari, Jibiya da Safana suka sha fama da shi, kafin a ce asibiti jama'a sun taru, kowa da tasa dabarar. Wannan ya ce a zuba mashi ƙasa, wancan ya ce a kawo man birki, wani ya ɗebo toka ko gishiri, wani ya fasa kafson ja da yalo ya barbaɗa. Wasu daga cikin waɗannan sukan rage jinin, shi ya sa aka kasa barin su. Amma ma'aikacin jinyar da zai karɓi ciwon daga baya shi ya san abin da aka bar masa: sai ya kankare ƙasar nan daga cikin nama, majinyaci na ihu, kuma duk ƙwazonsa ba zai fitar da ita duka ba.

Kafin a gane yadda sababbin kayan ke aiki, sai an san yadda jiki ke tsayar da jininsa da kansa. Da zarar jijiya ta yanke, bakinta yakan tsuke. Sai wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin jini su ruga su manne a wurin, su yi toshiya ta wucin gadi. Daga nan sinadaran daskarar da jini, sama da goma, su shiga tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe a sami wasu zarurruka da ake kira faibirin, waɗanda ke saƙewa su kama jajayen ƙwayoyin jini su zama gudan jini. A ƙaramin yanka wannan ya wadatar. A babban rauni kuwa ƙarfin fitar jinin ke wanke gudan tun bai kama ba. Ga kuma wata masifar: idan mutum ya zubar da jini da yawa jikinsa yakan yi sanyi, sinadaran su ragu, jinin ya ƙara ƙin daskarewa. Saboda haka duk wani bandejin tsayar da jini ɗayan abu uku yake yi. Ko ya tsotse ruwan jinin don sinadaran su taru su yi kauri, ko ya zaburar da su su yi sauri, ko kuma ya manne da kansa ya toshe ƙofar.

Dabarar farko sojojin Amurka suka fara gwadawa sosai a yaƙin Afganistan da Iraƙi. A 2002 aka amince da wani gari mai suna QuikClot, wanda aka yi da ma'adinin ziyolait. Yana shan ruwa da sauri, jini ya daskare, kuma ya ceci rayuka. Illarsa ita ce idan ya haɗu da ruwa zafi yake fitarwa, har ya ƙona naman da ake son ceta. An kuma gwada wani garin laka mai suna WoundStat, shi ma aka dakatar da shi da aka ga ɓurɓushinsa na shiga jijiya ya lalata ta, yana iya bin jini ya toshe wani wurin. A 2008 aka koma wa wata hanya: a ɗauki ƙyallen asibiti mai raga-raga, wanda ma'aikata ke kira goz, a shafe shi da kawolin. Kawolin ba ya zafi, aikinsa shi ne tayar da sinadari na 12 cikin jerin masu daskarar da jini, shi kuma ya tayar da sauran. Da yake a jikin ƙyalle yake, idan an isa asibiti sai a zare shi gaba ɗaya.

Kawolin ɗin nan fa ba wani baƙon abu ba ne, farar ƙasa ce, kuma Allah ya hore wa jihar Katsina ita, musamman a Ƙanƙara. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna aiki a kan ta Ƙanƙara, har suna sarrafa ziyolait daga cikinta. Kada dai wani ya karanta wannan ya ce ashe masu zuba ƙasa a ciwo suna da gaskiya. Tsakanin wadda aka haƙo daga rami da wadda ke cikin fakitin bandeji akwai tacewa, da kashe duk wata ƙwayar cuta, da ɗaure ta a jikin ƙyalle yadda ba za ta warwatse cikin nama ba. Labarin WoundStat ya isa ishara, domin shi tsaftatacce ne ma, amma kasancewarsa gari ya sa ya yi ɓarna.

Bayan kawolin sai kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Shi bai dogara da sinadaran daskarar da jini ba. Yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar wanda ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, don haka sai su manne masa, a sami wani kauri mai danƙo da ke like bakin jijiyar. Amfaninsa a nan babba ne, domin yana aiki ko a jikin wanda ke shan maganin tsinka jini, ko wanda jininsa ya riga ya gaza. Cajin nan kuma yakan dagula fatar ƙwayoyin cuta, wato yana ɗan taɓa matsala ta biyu. Wannan ya sa in ka duba binciken da ake yi yanzu a kan bandeji mai aiki biyu, da wuya ka rasa kaitosan a ciki. Sai kuma aljinet, daga ciyawar teku. Idan ya sha ruwan ciwo yakan narke ya zama kamar kamu, ya saki sinadarin kalsiyam, wanda shi ma yana cikin masu taimakon daskarewar jini. Ba ya iya wa jini mai tsartuwa, ya fi dacewa da ciwo mai tsattsafo da mai yawan ruwa. Akwai kuma soso da ake bari cikin jiki lokacin tiyata ya narke da kansa. Wasu irinsa da jelatin na fatar alade ake yin su, abin da Musulmi zai so ya sani, hukuncin lalura kuwa na malamai ne.

Duk waɗannan babu wanda ke aiki in ba a danna ba. Ƙa'idar goz mai kawolin ko kaitosan ita ce a cusa shi har ƙasan raunin, daidai inda jinin ke fitowa, a danne da ƙarfi aƙalla minti 3 ba tare da ɗagawa a leƙa ba. Wanda bai da shi, tsaftataccen ƙyalle da tafin hannu za su yi mafi yawan aikin. In a hannu ne ko ƙafa kuma danniya ta gaza, sai a ɗaure sama da raunin da abu mai faɗi, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Ban da waya, ban da siririyar igiya.

Masu zuba toka sukan kafa hujja da abin da ya faru ranar Uhudu. Ya tabbata cikin Bukhari, daga Sahlu ɗan Sa'adu, cewa da aka ji wa Manzon Allah (SAW) rauni a fuska, Sayyidina Ali na zuba ruwa Nana Faɗima na wankewa, da ta ga jinin ƙaruwa yake sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. A lura da jerin abin: an fara wankewa da ruwa, sannan tokar sabuwa ce, yanzu ta fito daga wuta. Wannan daban da tokar murhu da ta kwana uku a tsakar gida, kaji na tona ta, awaki na bi ta kai.

Idan jini ya tsaya, sai aiki mai tsawo ya fara, kuma nan ne aka fi yin gyaran gangar Abzinawa. Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane, cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada wannan a fatar aladu. Raunin da ya rufe da leda ya riƙe danshinsa, sabuwar fata ta rufe shi da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bari a buɗe ya yi ɓawo. Dalili kuwa, ƙwayoyin sabuwar fata jan ciki suke yi daga gefen ciwo zuwa tsakiya, a kan danshi sukan tafi salin alin, in kuwa akwai ɓawo sai sun yi haƙa ta ƙarƙashinsa. Daga wannan binciken aka sami yawancin bandejin zamani, masu kumfa, masu kama da kamu, da masu kama da leda. Shi ne kuma ya nuna aibin busasshiyar auduga: tana manne wa ciwo, ranar wanki a fizge ta tare da sabon naman da aka yi kwanaki ana jira. Amma danshi daban, jiƙewa daban. Ciwon da ya riga ya kamu da cuta, in aka like shi ruf ba mafita, ƙwayoyin aka gyara wa ɗaki.

Ƙwayoyin cutar da aka fi samu a ciwo su ne Sitafilokokas, wanda dama yana zaune a fatar mutane da hancinsu, da Sudomonas, mai sa bandeji ya yi kore-kore da wani irin wari. Da a warwatse suke zaune da abin ya zo da sauƙi. A tsohon ciwo sukan haɗu su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, su manne wa naman. Duk wadda ta taɓa wanke randa ta san santsin nan da ke kama cikinta: ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an sa soso an goge, kuma in aka bar ta kwana biyu ya dawo. Haka wannan yauƙin yake. Magani ba ya ratsa shi sosai, sojojin jiki ma ba sa isa ciki, kuma bincike ya nuna akasarin ciwukan da suka ƙi warkewa suna ɗauke da shi. Shi ya sa ma'aikacin jinya ke kankare mataccen nama har sai ja ya bayyana. 'Yan uwan majinyaci kan ga kamar mugunta ce, alhali bandeji mafi tsada a duniya in aka ɗora shi kan mataccen nama asarar kuɗi ne.

Abin da ake sa wa bandeji don ya kashe ƙwayoyin ya kasu, amma uku suka fi shahara. Azurfa ta fi kowanne suna. Tun 1968 Charles Fox ya haɗa farin man ƙuna mai azurfa da har yau ake shafawa a asibitocinmu, yanzu kuma ana saƙa ta cikin ƙyalle da kumfa yadda za ta riƙa fita kaɗan-kaɗan na kwanaki. Ƙarfinta shi ne ta wurare da yawa take kai wa ƙwayar cuta hari a lokaci guda, fatarta da sinadaran numfashinta da ƙwayar halittarta, don haka bijire mata ke da wuya. Sai dai azurfa ba ta bambance ƙwayar cuta da sabuwar ƙwayar fata sosai. An gano cewa man nan yakan jinkirta warkewar ƙunar da ba ta yi zurfi ba in aka kwatanta da wasu bandejin zamani. Shawarar masana ita ce a yi mako 2 ana amfani da mai azurfa, a duba, in cutar ta lafa a daina. Aidin shi ma haka. Tsohon mai raɗaɗin nan yana cin nama, na yanzu kuwa an ɗaure shi cikin wasu ƙananan ƙwayoyin sitaci da ke shan ruwan ciwo suna sakinsa a hankali, kuma yana cikin masu iya taɓa yauƙin da muka ambata. Mai ciwon maƙoƙo da mai juna biyu sai da izinin likita.

Na ukun zuma ce, kuma a kanta zan ɗan daɗe, domin ita ce muke da ita a hannu. Musulmi bai buƙatar a gabatar masa da ita, aya ta 69 cikin Suratun Nahli ta ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin yadda take yi a kan ciwo. Kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, ruwanta kaɗan, don haka tana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, tana kuma jawo ruwan jiki daga ƙasan ciwo ya wanko datti. Tana da tsami a sinadarance, yanayin da yawancin ƙwayoyin ba sa so. Sannan ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari da in ta haɗu da ruwan ciwo yake fitar da haidurojin kaɗan-kaɗan, irin wanda ake sayarwa a kemis mai kumfa, amma da ƙarancin da ba ya ƙona nama. Ɗaya daga cikin rahotannin da suka dawo da zuma idon likitocin duniya daga Najeriya ya fito. A 1988 likitan tiyata Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya wallafa sakamakon majinyata 59 masu raunuka da gyambo, akasarinsu sun gagari maganin da aka saba, 58 suka sami sauƙi da zuma. Daga baya zumar manuka ta ƙasar Niyuzilan ta kame kasuwa, ana sa ta cikin bandeji ana sayarwa da tsada.

A ganina akwai abin takaici a nan, ga amya a bishiyoyinmu amma sai an shigo da ta wata ƙasa. Sai dai a faɗi gaskiya, ta asibiti ta bambanta da ta kwalbar bakin tasha ta fuska biyu. An tabbatar zalla ce, mu kuwa kowa ya san yadda ake dafa sukari a kira shi zuma. An kuma haska ta da wani haske mai kashe ƙwayayen cutar da kan ɓuya a cikin zuma, ba tare da an dafa ta ba, domin wuta na kashe sinadarin ƙudan. Hujjar amfaninta ta fi ƙarfi a ƙunar da ba ta yi zurfi ba. A tsohon gyambo sakamakon gwaje-gwaje bai kai haka ba.

Me ya sa ba za a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko na allura cikin bandejin a huta ba? Saboda abin da mai fasa kafso ke jawowa ke nan. Garin ba ya ratsa naman yadda zai kashe su duka, waɗanda suka tsira kuma sun koyi maganin. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba.

Su kuma sababbin da ake ta ba da labarinsu, wani abu kamar kamu da ake tsiyayawa cikin rauni ya daskare, zarurrukan da suka fi gashi siranta, bandejin da ke sauya launi in cuta ta shiga, wanda ake haskawa ya yi ɗumi ya kashe ƙwayoyi, yawancinsu suna ɗakin gwaji tukuna. A kan ɓeraye ake gwada su, fatar ɓera kuwa sakwaf take, rauninta tsukewa yake ya haɗe, ba kamar ta mutum ba da sai sabon nama ya ciko. Ɓeran kuma matashi ne mai ƙoshin lafiya, an yanke shi da wuƙa mai tsafta. Dattijo mai ciwon suga da ya taka ƙusa bai ji ba sai da ƙafar ta yi wari, ko matashi mai sikila da gyambon idon sawu ke warkewa yana dawowa, lamarinsu ya wuce abin da za a ɗora a sama. Na farko sai an daidaita sugansa, an duba ko jini na isa ƙafar, an hana shi taka wurin. In ba haka ba, ko me aka ɗaura, ƙarshenta a yi maganar yanke ƙafa.

Ga kuma tambayoyin da mai bincike a Turai ba lallai su dame shi ba. Abin zai jure zafin Afrilu a Katsina, lokacin da ake haura digiri 40, a shagon da ba firji? Nawa ne kuɗinsa ga wanda za a yi wa wankin ciwo sau uku a mako, wata da watanni, daga aljihunsa? Yana da rajistar NAFDAC, ko kwali ne kawai mai kyan rubutu? Ta wannan ma'aunin busassun kaya irin goz mai kawolin ko kaitosan sun fi dacewa da mu, domin sukan yi shekaru a fakitinsu ba sanyi. Wurin da ya kamata a same su kuwa ba manyan asibitocin Katsina da Daura kaɗai ba, har da hannun waɗanda ke riga kowa isa wurin: direbobin haya, 'yan acaɓa, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan sa-kai, da ƙananan asibitocin ƙauye, tare da horon yadda ake cusawa a danne.

Ciwon gida na yau da kullum bai buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan. A wanke hannu, a wanke wurin da ruwa mai yawa wanda aka tafasa ya huce, a rufe da abu mai tsafta da ba ya mannewa. Sifirit da haidurojin na kemis suna kashe sabon nama in aka dinga zuba su kullum. In ja ya fara yaɗuwa, ko zafin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ga wari, ko zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito, to cutar ta wuce saman ciwo, sai asibiti.

Akwai kuma wadda babu bandejin da ke tare ta in ta riga ta shiga, wato tetanus, mai sarƙe haƙora. Ƙwayayenta na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru, kuma rauni mai zurfi da iska ba ta shiga suka fi so, irin na ƙusa da ƙaya da wanda aka cusa wa ƙasa. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, wani lokaci bayan bakin ciwon ya rufe kowa ya saki jiki. Wanda ya ji rauni mai datti, kuma ya haura shekara 5 rabonsa da allurar, ko bai san ma ko an taɓa yi masa ba, a ranar ya kamata a yi masa ita.